Bankuna sun biya tarar biliyoyi bayan rikicin 2008, to wa ya aikata laifin?

Habu Odita:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambayar da ta daɗe da tsaya mini a rai, ina roƙon lauyoyinmu da waɗanda suka taɓa aikin banki su taimaka mini da haske.

Sana'ata binciken littattafan kuɗi ce. Abu na farko da aikin nan yake koya wa mutum shi ne takarda ba ta sa wa kanta hannu. Duk lissafin da ka tarar an murɗe, akwai wanda ya murɗe shi, akwai wanda ya duba ya ce ya yi, akwai kuma wanda ya ɗauka ya miƙa wa hukuma da masu hannun jari. Da wannan idon nake karanta abin da ya biyo bayan rikicin kuɗi na 2008, shi ya sa abin ya ƙi kwanta mini.

Bankin Lehman Brothers ya durƙushe ranar 15 ga Satumba, 2008. Ko wata guda ba a yi ba, Majalisar Dokokin Amurka ta amince a ware dala biliyan 700 don ceto bankuna. Kamfanin inshora na AIG shi kaɗai an tallafe shi da wajen dala biliyan 180. Miliyoyin iyalai aka ƙwace wa gidaje, wasu miliyoyin suka rasa aikin yi. Da ƙura ta lafa sai aka shiga cin tara. JPMorgan ya biya dala biliyan 13 a 2013, Citigroup biliyan 7 a 2014, Bank of America fiye da biliyan 16 a wannan shekarar, Goldman Sachs kuma biliyan 5 a 2016. A takardun sasantawar, bankunan sun amince cewa an sayar wa masu zuba jari takardun bashin gidaje, alhali ma'aikatansu sun ga cewa basussuka da yawa a ciki ba su kai ingancin da aka faɗa ba. Wa ya gani? Wa ya ce a sayar duk da haka? Takardun ba su ambaci sunan kowa ba. Cikin manyan ma'aikatan Wall Street, cibiyar hada-hadar kuɗi ta Amurka, mutum ɗaya ne ya shiga gidan yari kan rikicin: Kareem Serageldin na Credit Suisse, wanda aka ɗaure wata 30 a 2013 saboda ƙara wa takardu farashi a littafi don a ɓoye asara.

Wanda ya fi damuna a matsayina na odita shi ne dabarar da Lehman ya riƙa yi, wadda suka sa wa suna Repo 105. Idan ƙarshen wata uku ya gabato, lokacin fitar da rahoto, sai bankin ya miƙa wa wani kamfani takardun kadara ya karɓi tsabar kuɗi, da alkawarin zai fanso su bayan 'yan kwanaki. Wannan rance ne, kowa ya sani. Amma a littafi sai a rubuta shi a matsayin ciniki, a ɗauki kuɗin a rage bashi, rahoto ya fita yana nuna bankin ba ya cikin nauyi sosai. Da an shiga sabon wata sai a fanso takardun, bashin ya koma inda yake. A 2008 abin da suke kawarwa ta wannan hanya ya kai wajen dala biliyan 50 a zango ɗaya. Ba su sami kamfanin lauyoyi a Amurka da zai rubuta musu cewa ciniki ne ba, sai suka samo takardar daga wani kamfanin lauyoyi na Landan, suka riƙa bi da harkar ta reshensu na can. Anton Valukas, wanda kotu ta naɗa ya binciki faɗuwar bankin, ya zayyana duk wannan a rahotonsa na Maris 2010. Har yau ba a tuhumi kowa da laifi a kai ba.

To tambayata biyu ce. Shin a idon doka ba a aikata laifi ba ne, ko an aikata aka kau da kai? Sannan mene ne amfanin tarar da kamfani ke biya, idan wanda ya yanke shawarar ya tafi gida da garaɓasarsa?

Barista Zainab:

Wa alaikumus salam Malam Habu. Ina jin zafin da kake ji, amma bari in faɗa maka yadda abin yake daga teburin mai gabatar da ƙara, domin can ne ake yin ta.

Asara ba laifi ba ce a doka. Haɗama ba laifi ba ce, wauta ma haka. Kafin a ɗaure mutum kan zamba, sai an tabbatar cewa shi ɗin nan da ke tsaye a gaban kotu ya san abin da ya faɗa ƙarya ne, kuma ya faɗa ne da niyyar a yaudari wani, tabbacin da bai bar kokwanto ba. A babban banki mai dubun dubatar ma'aikata, wanda ya ba da bashin daban, wanda ya haɗa basussukan ya mayar da su takardu daban, wanda ya sayar daban. Shugaba yana can sama, abin da ke isa teburinsa taƙaitawa ce. Idan ka tsayar da shi sai ya fito da takardar lauya da ta odita, ya ce ƙwararru ne suka duba suka ce ya halatta. Takardar nan ta Landan da ka ambata, a wurinka shaidar mugun nufi ce, a wurin lauyan da ke kare shi kuwa garkuwa ce. Zai kuma ƙara da cewa shugaban Lehman, Richard Fuld, ya riƙe hannun jarinsa mai yawa har bankin ya faɗi, ya tafka asara. Wanda ya san gini zai rushe, in ji lauya, ai kwashe kayansa yake yi.

An gwada fa. Shari'a ta farko da gwamnati ta kai ita ce ta manajoji biyu na bankin Bear Stearns, Ralph Cioffi da Matthew Tannin. An dogara da saƙonnin imel da suke nuna fargaba a tsakaninsu alhali suna kwantar wa masu zuba jari hankali. Da aka karanta saƙonnin gaba ɗaya a kotu, masu taya alƙali yanke hukunci suka ga mutane ne da ke kai-kawo tsakanin tsoro da fata, suka wanke su a Nuwamba 2009. A Birtaniya an gurfanar da manyan bankin Barclays kan kuɗin da suka samo daga Qatar a 2008, duk aka sallame su, na ƙarshe a 2020. A Ireland an wanke Sean FitzPatrick na bankin Anglo Irish a 2017. Tom Hayes, wanda aka ɗaure kan murɗe ma'aunin kuɗin ruwa na Libor, ya yi zaman gidan yari na shekaru, sai a 2025 Kotun Ƙolin Birtaniya ta soke hukuncin saboda kuskuren da alƙali ya yi wajen yi wa masu taya shi bayani. Ba na so fushin jama'a ya zama shi ne hujja, domin ranar da aka sassauta ma'aunin hujja saboda mai banki, talaka ne zai fara ɗanɗana kuɗarsa.

Inda nake tare da kai shi ne maganar girman banki. Bayan an sami kamfanin odita na Arthur Andersen da laifi a 2002 kan badaƙalar kamfanin makamashi na Enron a Amurka, ya rushe, dubban ma'aikata suka rasa aiki, sannan Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a 2005. Tun daga nan masu gabatar da ƙara suka riƙa ɗari-ɗari da tuhumar manyan kamfanoni. A Maris 2013 Ministan Shari'a na Amurka Eric Holder ya faɗa wa kwamitin Majalisar Dattawa cewa girman wasu bankunan yana sa gurfanar da su ya yi wuya, don gudun abin da zai yi wa tattalin arziki. Daga baya ya yi ƙoƙarin gyara maganar, amma ta riga ta fita. Ko da an yarda da wannan uzurin, kamfani ya shafa. Ɗaure mutum ɗaya ba ya rushe banki.

Baba Garba:

Barista 'yata, Allah ya yi miki albarka, bayaninki daidai ne a kan doka. Sai dai ni da na yi rayuwata ina duba littattafan bankuna a ɓangaren masu sa ido, zan ce miki hujja ba ta zuwa da ƙafarta. Nemo ta ake yi, kuma neman yana cin mutane da kuɗi da shekaru.

Amurkar nan dai ta taɓa yi. A shekarun 1980 ƙananan bankunan ajiya da ba da rancen gida sun yi ta faɗuwa, fiye da dubu. Dokar zamba ita ce dai, ma'aunin hujja shi ne dai, amma an sami ɗaruruwan shugabanni da manyan ma'aikata da laifi. Charles Keating na Lincoln Savings, mai abokai a Majalisar Dattawa, sai da ya shiga gidan yari. Me ya bambanta? Masu sa ido ne suka riƙa rubuta rahoton zargi dubbai suna miƙa wa hukumar FBI. Mai sa ido shi ya san inda aka binne abu. Zai ce wa ɗan sanda buɗe fayil kaza, dubi ranar da aka kimanta filin nan, dubi wanda ya sa hannu, ga sunan magatakardar da ta buga takardar. Ɗan sanda shi kaɗai zai shekara yana jujjuya takardu bai gane komai ba. A rikicin 2008 wannan hanya kusan ta toshe. FBI ɗin ma an kwashe jami'anta da yawa zuwa yaƙi da ta'addanci bayan harin 2001, duk da cewa tun 2004 wani babban jami'inta ya yi gargaɗin cewa zambar rancen gida na neman zama annoba.

Yadda ake kama babba sananne ne. Daga ƙasa ake farawa. Ka riƙe ƙaramin ma'aikaci da takardar da ya sa wa hannu, ya gaya maka wanda ya umarce shi, ka hau mataki ɗaya, ka sake. Aiki ne mai cin rai kuma za ka iya faɗuwa a kotu. Abin da aka koma yi shi ne a kira banki a ce ya ɗauko lauyoyi su bincike shi, ya kawo rahoto, a zauna a yi ciniki a kan adadin tara, a kira 'yan jarida. Kowa ya fita da abin nunawa. Alƙali Jed Rakoff na New York ya ƙi amincewa da irin wannan sasantawa tsakanin hukumar kula da hannun jari da Citigroup a 2011, ya ce ba a nuna masa gaskiyar abin da ya faru ba, amma kotun ɗaukaka ƙara ta rinjaye shi.

Ki kuma duba su wa aka iya kamawa. Lorraine Brown, shugabar wani kamfani da ke buga takardun ƙwace gidaje, wadda ma'aikatanta suka riƙa sa hannun ƙarya a takardu fiye da miliyan, ta sami shekara 5. Manyan bankunan da suka yi amfani da irin waɗannan takardu sun biya dala biliyan 25 a 2012 aka rufe magana. Akwai wani ɗan ƙaramin banki na 'yan asalin Sin a New York, Abacus Federal Savings. A 2012 aka jero ma'aikatansa da ankwa a gaban kyamara, alhali masu karɓar bashinsa kusan duk suna biya. A 2015 aka wanke bankin daga dukkan tuhuma. Ƙarfin halin da aka nuna a kan wannan, da an nuna rabinsa a sama, da ba mu zauna muna wannan hira ba.

Aisha K.:

Baba ya gama magana. Ni misalin Iceland zan ƙara, don na ga ana yawan ambatonsa ba tare da an faɗi abin da aka ɗaure mutanen a kai ba.

Ƙasa ce mai mutane dubu 320 a lokacin. Manyan bankunanta uku, Kaupthing da Landsbanki da Glitnir, sun kumbura har kadarorinsu suka ninka tattalin arzikin ƙasar kusan sau goma, suka faɗi cikin mako guda a Oktoba 2008. Majalisa ta kafa ofishin mai gabatar da ƙara na musamman, aka ba Olafur Hauksson, shugaban 'yan sandan wani ƙaramin gari wanda bai taɓa binciken manyan laifukan kuɗi ba. Aka ɗauko Eva Joly, tsohuwar alƙaliyar bincike daga Faransa, ta ba su shawara, aka ba ofishin ma'aikata da ikon shiga bankuna ya kwashi takardu.

Ga irin abin da suka tono. A Satumba 2008, ana saura makonni Kaupthing ya faɗi, aka sanar cewa wani ɗan gidan sarautar Qatar ya sayi kashi 5 cikin ɗari na bankin. Duk wanda ya ji zai ce ai attajirin waje ba zai zuba kuɗinsa a bankin da ke tangal-tangal ba, hankali ya kwanta. Ashe kuɗin sayen daga cikin Kaupthing ɗin suka fito, aka bi da su ta wasu kamfanonin da ba su da komai sai suna. Banki ya ranta wa mutum kuɗi ya sayi bankin, aka ɓoye wa kasuwa. A Fabrairu 2015 Kotun Ƙoli ta ɗaure shugaban bankin, Hreidar Mar Sigurdsson, shekara 5 da rabi, shugaban hukumar daraktoci Sigurdur Einarsson kuma shekara 4. Gaba ɗaya fiye da mutum 20 aka yanke wa hukuncin ɗauri a shari'o'i daban-daban.

Abin lura, Barista, ba a sassauta ma'aunin hujja ba. Ba wanda aka ɗaure don bankinsa ya faɗi. An ɗauki ciniki ɗaya takamaimai, aka bi kuɗin daga asusu zuwa asusu, aka nuna wanda ya ba da umarni. Haka aka yi a Ireland da David Drumm na Anglo Irish, wanda aka ɗaure shekara 6 a 2018 kan Yuro biliyan 7.2 da aka riƙa zagayawa tsakanin bankinsa da wani kamfani don ajiyar bankin ta yi kama da mai yawa a rahoto. Wannan bai yi nisa da Repo 105 ɗin Malam Habu ba.

Musa Akanta:

Kada a manta da Najeriya. Ranar 14 ga Agusta, 2009, gwamnan Babban Banki Sanusi Lamido Sanusi ya tsige shugabannin bankuna biyar, Intercontinental, Oceanic, Afribank, Finbank da Union, aka miƙa su ga EFCC. Kuɗin da aka zuba don tallafar bankunan da abin ya shafa ya kai Naira biliyan 620, sannan aka kafa AMCON a 2010 ta sayi munanan basussuka. Cecilia Ibru ta Oceanic ta amsa laifi a Oktoba 2010, aka yanke mata wata 6 tare da ƙwace kadarori na kusan Naira biliyan 190. Nan mai sa ido ne da kansa ya fara, kamar yadda Baba ya ce ya kamata. Matsalar ta koma kotu. Francis Atuche na Bank PHB, wanda aka tsige a 2009, sai a 2021 aka same shi da laifi. Shekara 12 ana jira, Yallaɓai. A irin wannan jira shaidu suna mutuwa, alƙalai suna samun ƙarin girma a koma farko, jama'a su manta abin da ake shari'a a kai.

Habu Odita:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Barista, na karɓi maganarki cewa ba a ɗaure mutum don ya yi asara, kuma ba na so a yi hakan. Amma a kan tara ina nan a kan bakana. Kuɗin masu hannun jari ne ake biya da su, ciki har da asusun fansho na malamai da ma'aikatan jinya da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Wani kaso mai yawa na biliyan 13 ɗin JPMorgan ma an halatta a cire shi daga haraji. Watanni kaɗan bayan haka hukumar daraktoci ta ɗaga albashin shugaban bankin, Jamie Dimon, na shekarar 2013 zuwa dala miliyan 20. Angelo Mozilo, shugaban kamfanin ba da rancen gida na Countrywide, ya sasanta da hukuma a 2010 kan dala miliyan 67.5, kuma kamfanin ne ya biya wani kaso. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Wane ma'aikacin banki ne zai ga haka ya ji tsoron maimaitawa?

Abin da Birtaniya ta fara a 2016 ya fi kwanta mini: kowane babban jami'i a rubuta ɓangaren da ke wuyansa da sunansa, kuma a iya ƙwato garaɓasar da aka ba shi ko bayan shekaru idan ɓarna ta fito. A nan ba wanda zai ce taƙaitawa kawai ya gani.

Tambaya ɗaya ta rage, ranki ya daɗe. Dokar Amurka ta Sarbanes-Oxley ta 2002 ta wajabta wa shugaban kamfani da shugaban sashen kuɗi su sa hannu da kansu cewa rahoton kuɗi gaskiya ne, kuma wanda ya sa hannun ƙarya da gangan zai iya shan ɗaurin shekara 20. Rahotannin Lehman na 2008 akwai sa hannu a kansu. Me ya hana a bi ta nan?

Barista Zainab:

Kalmar "da gangan" ɗin nan ita ce katangar, Malam Habu. Sai ka nuna mai sa hannun ya san da Repo 105 kuma ya san ta sa rahoton ya zama yaudara. Fuld ya ce bai san da ita ba, ko da yake rahoton Valukas ya kawo shaidar wani babban jami'in bankin da ya ce ya yi masa maganarta. Wannan saɓani ne da kotu ce ya kamata ta warware, kuma a nan na koma wajen Baba Garba: faɗuwa a shari'ar Bear Stearns bai isa dalilin da za a daina gwadawa ba. Mai gabatar da ƙarar da ba ya taɓa faɗuwa, ƙananan shari'o'i kawai yake zaɓa.

Yanzu kam lokaci ya ƙure. Yawancin laifukan tarayya a Amurka shekara 5 ake da su a shigar da tuhuma, zambar da ta shafi banki kuma shekara 10 a ƙarƙashin dokar 1989 da aka yi bayan rikicin da Baba ya ba da labari. Abin da aka aikata a 2007 da 2008 wa'adinsa ya cika tun 2018.